Kullum ina wasa askata, amma tsigar gashi take yi

Wani matashi da ke koyon wanzanci a unguwar Bukoki, nan Yamai, ya aiko da tambaya: "Na sayi aska mai naɗewa, irin ta Turai, ta hannu ce, na haɗa da dutsen washi mai fuska biyu a kasuwar Katako. Kullum sai na wasa ta. Tana yanka takarda, tana ɗan aske gashin hannu, amma da na ɗora ta a gemu sai ta riƙa tsiga, fuska ta yi ta raɗaɗi. Askar ce ba ta da kyau, ko hannuna ne?"

Ƙanena, kafin a zargi aska ko hannunka, dutsen nan za a fara tuhuma. Wannan dutse ruwan toka mai fuska biyu da ake zubawa a Katako da Wadata, don adda da gatari da wuƙar mahauta aka yi shi. Ko fuskarsa mai laushin, ƙwayar yashinta ta yi wa aska girma. Yana barin baki da ƴan haƙora kamar na zarto, waɗanda ido ba ya gani. Haƙoran nan su ke sa wuƙa ta ci igiya da nama, su ne kuma suka sa askarka take tsarga takarda har ka ɗauka ta yi kaifi. Shi kuwa gashin gemu tura masa baki ake yi, bakin ya shiga silin ya raba shi biyu. Baki mai haƙora sai ya cafki silin ya ja, ya bi fata da karta. Raɗaɗin da ake ji ke nan.

Duwatsun washi suna da lamba, kuma yawan lamba shi ne laushin dutse. Irin naka bai cika wuce 300 ko 400 ba. Aikin aska daga 1000 yake farawa: da shi ake kafa baki. Sai 3000 ko 4000 da zai share zanen da na farko ya bari, sai 8000 da zai goge. Mai hali ya ƙara da 12000, ko dutsen nan rawaya na ƙasar Beljiyam da wanzaman Turai suka daɗe suna ji da shi. Idan kuɗinka na dutse biyu ne kawai, sayi 1000 da mai fuska biyu 3000 da 8000. Idan ko wannan bai samu ba, je wajen masu fentin mota ka sayi samfefar ruwa, ka jiƙa ta ka manna a kan gilashi mai kauri. Sai dai ka sani lambar samfefa da ta dutse ba ma'auni ɗaya ba ne: samfefa mai lamba 2000 kusan aikin dutse 1000 take yi. Za ta kafa maka baki, amma gogewar ƙarshe sai ka nemi abin da ya fi ta laushi.

Yanzu ɗauki askar ka dube ta ta tsini, kamar mai leƙen bakin bindiga. Za ka ga bayanta da kauri, cikinta a rarake ta gefe biyu, sai bakin siriri. Maƙeran Solingen a Jamus da na Shefil a Ingila da na Thiers a Faransa ba don ado suka yi mata wannan ƙira ba. Aska mai faɗin milimita 16 bayanta yakan kai kaurin milimita 4 da rabi, wato faɗin ya ninka kaurin kusan sau uku da rabi. Idan ka kwantar da ita a dutse, baya da baki suka taɓa tare, kusurwar bakin za ta fito digiri 16 ko 17 da kanta, ba tare da ka auna komai ba. Wuƙar ɗakin girki ninkin wannan ce. Saboda haka doka ta farko: bayan aska ba ya barin dutse. Wanda ya saba wasa wuƙa hannunsa yakan ɗaga baya ba da saninsa ba, kuma ɗagawa ɗaya tak a dutse mai kaushi ta isa ta dunƙule bakin da aka yi rabin awa ana gyarawa. Ina kyautata zaton wannan ma yana cikin abin da ya same ka.

Kafin aska ta hau, dutsen kansa sai ya miƙe. Sabon dutse ma ba a yarda da shi. Ja layuka da fensir a fuskarsa, tsaye da kwance kamar gidan dara. Manna samfefar ruwa mai lamba 220 ko 320 a gilashi, ka kifa dutsen a kai ka yi ta murzawa da ruwa. Inda fensir ya rage, nan ne kwari. Ci gaba har layukan su ɓace baki ɗaya, sannan ka ɗan kashe kaifin gefunan dutsen don kada su kama bakin aska. Dutsen da ya yi kwari a tsakiya yana cin tsini da gindi ya bar tsakiya, ko ya yi akasin haka, kai kuwa kana ta mamakin me ya sa rabin askar ke aski rabi ba ya yi. Dutsen ruwa irin na Japan, mafi yawansu ana jiƙa su kamar minti 10 har kumfar iska ta daina fita. Na mai kuwa man keken ɗinki ake ɗiga masa. Kada ka sa man gyaɗa, yana danƙarewa ya toshe dutse. Wanda aka taɓa sa wa mai ba ya komawa na ruwa.

To, ga inda aikin yake. A gefen bakin aska akwai wani ɗan ziri mai sheƙi, faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, ɗaya a kowace fuska. Kaifi shi ne haɗuwar zirin nan biyu a layi guda, daga gindi har tsini, ba tare da tazara ba. Duk sauran aikin kwalliya ce a kan wannan haɗuwa. Idan ba su haɗu ba a dutse 1000, ko ka kwana a kan 8000 sheƙi kawai za ka samu: aska kamar madubi, amma ba ta aski. Mafi yawan masu koyo a nan suke faɗuwa, domin dutse mai laushi ya fi daɗin hannu, sai su yi saurin hawa kansa.

Shafa wa zirin tawadar alƙalamin nan mai kauri da ake kira maka, fuska biyu. Jiƙa dutse. Kwantar da askar, baya ya fara sauka, sannan baki. Riƙe ta a wuya, tsakanin babban yatsa da manuni, ƙotar a miƙe. Tura ta baki a gaba, kamar kana son feffere wani siririn ɓawo daga fuskar dutsen, kana ɗan janyo ta gefe yadda gindi zai fara tsini ya ƙare. Da ka kai ƙarshe, mirgina ta a kan bayanta, bakin ya tashi sama ya faɗa ɗaya gefen, ka dawo haka. Zuwa da dawowa su bar alamar gicciye a ruwan dutsen. Kada ka taɓa juya ta a kan baki. Yi sau 5 ka tsaya ka duba tawadar a hasken rana. Inda ta goge har ƙarshen baki, dutse yana taɓawa. Inda ta rage a can bakin-baki, nan zirin bai iso ba tukuna. Idan tawadar ta goge a tsakiya ta rage a tsini da gindi, askar tana da ɗan tumbi, wanda ba aibu ba ne. Sai ka riƙa karkata nauyin hannu a hankali daga gindi zuwa tsakiya zuwa tsini cikin tafiya guda, baya dai yana manne da dutse. Idan kuwa tsakiyar ce ta ƙi gogewa, bakin ya lotsa ciki saboda mugun washin da aka yi mata a baya, kuma sai an cinye gindi da tsini sun daidaita da tsakiyar kafin a samu kaifi. Wannan aikin haƙuri ne, yakan ci awa guda ko fiye.

Maganar nauyin hannu: a farkon kafa baki an yarda ka ɗan danna, kwatankwacin yadda kake danna biro a takarda. Fiye da haka, cikin askar da yake rarakakke sai ya lanƙwashe, bakin ya ɗaga daga dutse, ka yi ta cin ƙarfen da ke bayansa. Alamar haka ita ce zirin ya yi ta faɗi amma kaifi ya ƙi zuwa. Kalli ruwan da ke kan dutsen. Idan baki yana zaune daidai, za ka ga yana tura ruwan a gabansa, har ruwan ya hau kan askar kamar ƴar igiyar ruwa, daga gindi har tsini. Inda ruwan ya sulale ta ƙarƙashi, wurin bai taɓa ba. Ruwan zai yi baƙi-baƙi, wannan ƙarfe ne ke fita. Ƙara ruwa, kada ka bar shi ya bushe.

Askar da ta sha dutsen adda kamar taka, kada ka yi mamaki idan ta ci tafiya 100 ko 200 a dutse 1000. Ba ƙidaya ce ke cewa an gama ba, gwaji ne. Riƙe askar baki a sama ƙarƙashin fitila ko rana, ka kalli layin bakin kai tsaye. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Duk inda ka ga ɗigon haske ko farin zare, wurin a dakushe yake. Sannan jiƙa farcen babban yatsa ka ja bakin a kai a hankali, ba dannawa: idan ya kama farcen yana tafiya sumul, ya yi, idan ya zame, bai yi ba, idan ka ji ƙarar-ƙarar, akwai giɓi. Wannan gwajin na wannan mataki ne kaɗai, domin farce yana ɓata bakin da aka goge. Na ƙarshe, ta aske gashin damtse a kan fata cikin sauƙi, a gindi, a tsakiya, a tsini, kowanne ka gwada shi daban. Sai ukun nan sun cika za ka sauka daga 1000. Tafiya 15 ta ƙarshe ka yi su da nauyin askar kawai.

Idan akwai giɓi babba da ido ke gani, naɗa wa bayan askar salatif ɗin masu gyaran wuta, ninki ɗaya, don kada bayan ya cinye yayin da kake ta ƙoƙarin kawar da giɓin. A nan ne kaɗai dutsenka na Katako zai yi rana, fuskarsa mai laushi, idan ka miƙar da ita. Salatif yana cinyewa, a riƙa sauya shi. Kuma in ka fara da shi ka ƙare da shi, domin yana ɗan ƙara kusurwa. In ka cire shi a tsakiyar aiki dutse mai laushi ba zai kai ga bakin ba.

Sauran duwatsun ba su da wahala. Wanke aska da hannunka kafin ka sauya dutse, don ƙwayar yashi ɗaya daga mai kaushi tana iya zana bakin. A 3000 ko 4000 yi tafiya kamar 30 zuwa 40, har zanen dutsen farko ya ɓace daga zirin. A 8000 yi 20 zuwa 30, ba dannawa ko kaɗan. Za ka ji askar ta fara kamar mannewa a dutsen, alamar fuskokin sun yi santsi ke nan. Kada ka zarce don jin daɗi. Washin da ya yi yawa yana haifar da wani siririn leɓen ƙarfe a baki, mai kaifin gaske a tafiyar farko, sai ya karye a tsakiyar aski ya bar baki kamar zarto. Idan ka zargi haka, ja bakin sau ɗaya a hankali a jikin tsinken ashana, ka koma 8000 ka yi tafiya 10.

Sai fata. Dutse cin ƙarfe yake yi, fata kuwa miƙar da baki take yi ta share shi, shi ya sa kullum ake hawa fata amma dutse sai lokaci-lokaci. Kuskurenka na biyu ke nan, da ka ce kullum kana wasawa. Je wurin dukawa su yanko maka ƙirgi mai santsi, marar tabo da ƙuraje, faɗin santimita 6 ko 7, tsawon kamar 45. Fatar akuya ta yi siriri, tana miƙewa. Ga mai koyo na fi son a manna fatar a kan katako miƙaƙƙe, domin wadda ake ratayawa idan ba a ja ta da kyau ba sai ta yi ciki ta naɗe bakin ta dunƙule shi. A fata tafiyar akasin ta dutse ce: baya a gaba, baki yana biye. Juyi dai a kan baya, kuma ka fara komawa kafin bakin ya sauka, in ba haka ba za ka yanke fatar. Sau 40 zuwa 60 kafin kowane aski, a hankali. Saurin da ka ga tsofaffin wanzamai suna yi, har su ƙare a tafin hannu, shekaru ne suka ba su. Kai idan ka kwaikwaya yanzu, fata da baki duka za ka yi asara. Akwai wani koren sabulun goge ƙarfe da ake shafawa a fata ta dabam. Tafiya 5 zuwa 10 a kansa takan farfaɗo da askar da ta fara ja, ta ɗaga maka komawa dutse. Kada ka shafa shi a fatarka ta kullum.

Garinmu yana da nasa sharrin. Ƙurar hunturu yashi ce, kuma yashi ya fi ƙarfen aska tauri. Fatar da ta kwana a rataye a buɗe ta zama samfefa. Shafe ta da tafin hannu sau da yawa kafin aska ta hau, in ka gama ka naɗe ta a tsumma ka sa a zabira. In ta bushe tana neman tsagewa, man kaɗe kamar ƙwayar gero biyu ya isa, a murza a tafi tukuna sannan a shafa; in ya yi yawa aska za ta riƙa maƙalewa. Dutsen ruwa kuma kada a shanya shi a ranar watan Afrilu, tsagewa yake yi, a bar shi ya bushe a inuwa. Da damina tsatsa ce abokiyar gaba, kuma daga baki take farawa inda ƙarfe ya fi siriri.

Gwajin gashi guda da ake yi, a riƙe sili a saukar da shi a bakin ya yanke da kansa, yana da kyau amma ba shi ne alƙali ba, don gashi ya bambanta. Alƙali kuncinka ne. An ce wanzami ba ya son jarfa, to a nan dole ka fara da kanka kafin kan wani. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi da sabulu minti 2 ko 3, domin busasshen gashi ko aska mai kyau sai ta ja shi. Ja fatar ta miƙe, ka kwantar da askar yadda tazarar bayanta da fata ba ta wuce kaurin bayan sau biyu ba. In ka tsayar da ita da yawa kankara take yi, sai ka ɗora wa washi laifin da ba nasa ba.

Idan ka yi duk wannan, bakin ya kafu amma yana marmashewa a 8000, ko ya yi kaifi ya mutu kafin ka gama kunci ɗaya, to yanzu ne za a zargi ƙarfen. Ko dai irin askar nan ce mai arha da aka yi don ado, ko kuwa wani ya taɓa kai ta injin washi na wuta. Injin yana zafafa siririn bakin nan take, ƙarfen ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, taurin da aka ba shi a maƙera ya tafi. Duba ko akwai irin wannan launi kusa da baki. In ƙonewar ba ta yi zurfi ba ana iya cinye wurin a dutse a iso lafiyayyen ƙarfe. In ta yi zurfi, ajiye ta don koyon hannu.

Askar maƙeranmu ta gargajiya ita ma wannan ƙa'ida ce ke kanta, sai dai sau da yawa ba ta da kaurin bayan da zai riƙe maka kusurwa. Auna faɗinta ka raba uku da rabi, abin da ya fito shi ne kaurin da bayan ya kamata ya yi. In bai kai ba, maƙeri ya naɗa mata ɗan zirin ƙarfe ko tagulla a baya, ko ka cika da salatif lokacin washi. Ƙarfenta yakan fi na Turai laushi, saboda haka tana saurin kaifi tana saurin dakushewa, tana kuma son fata akai-akai.

Tunda sana'a kake koyo, akwai abin da ya shafi washi kai tsaye. Kada ka gasa aska a harshen wuta da sunan kashe cuta, abin da injin ke yi mata shi wutar ke yi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe, gogewa da tsumma ba ya kawar da ita. Wanke askar da sabulu tukuna, sannan ka tsoma bakin minti 10 a ruwan jabel, wato bilic na wanki, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. In na kwalbarka mai kashi 5 ne, awo ɗaya a awo 9 na ruwa. Jabel yana cin ƙarfe, don haka kada ta wuce mintin nan, a ɗauraye a tsane nan da nan. Tafasawa minti 20 ba ta taɓa taurin ƙarfe, ƙotar ce ba ta jurewa, sai a bar ta a waje. Fata ba ta wankuwa, saboda haka askar da ta taɓa mutum ba ta hawa fata sai an tsabtace ta. A ganina, ga kan jama'a ka yi aiki da mariƙin da ake sa wa rabin reza, sabuwa ga kowane mutum a gabansa, ka bar wannan mai naɗewar ga gemunka har hannunka ya faɗa.

In ka gama aski, ɗauraye bakin kawai, kada ruwa ya shiga wajen ƙusar da ta haɗa aska da ƙota, can tsatsa ke ɓuya. Tsane ta da tsumma daga baya zuwa baki, ba tare da ka bi kan kaifin ba, ka yi mata tafiya 10 a fata don ta kwashe sauran laima, ka bar ta a buɗe ta sha iska kafin ka naɗe. In za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ɗigo ɗaya na man keke a fuska biyu, sannan a rufe a hankali ana kallo, kada bakin ya daki gefen ƙota.